Baƙo Da Kyamara A Birnin Kano: Tunanin Wani Bagobiri

Kwanakin baya ina birkita wata tsohuwar akwatin ƙarfe da take biye da ni tun zamanin ɗalibta, ina neman wata takardar shaida da aka matsa mini a kanta a wurin aiki, sai hannuna ya faɗa kan wata ambulan mai ruwan ƙasa wadda gefenta ya fara cinyewa. Takardar dai har yau ban gan ta ba. Abin da na samu shi ne hotuna 34, ragowar wani fim mai cin hoto 36 wanda biyu daga ciki suka ƙone wajen wanki. Ni na ɗauke su da hannuna a watannin farko na zuwana Kano cikin shekarar 1999. Na baje su a kan tabarma na ƙirga, sai na ga 33 na birnin Kano ne, guda ɗaya tak ne na gida. Wannan ɗan lissafi shi ya hana ni barci a daren nan, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami.

Mai karatu, ni mutumin Sabon Birni ne, can gabashin Jihar Sakkwato, inda idan mutum ya yi 'yar tafiya arewa sai ya tsinci kansa a ƙasar Maraɗi ba tare da harshe ko tuwo sun canza ba. Ranar da zan taho karatu Jami'ar Bayero, wani kawuna mai fatauci ya kira ni gefe ya miƙo mini wata kyamara ƙirar Yashica da ya sayo a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa, ya ce, "Ɗana, ka ɗauko muna Kano mu gani." Da muka tsaya a tashar Isa ana ƙarin fasinja, sai na ce bari in gwada ko tana aiki, na ɗaga ta na danna ba tare da na ko duba abin da ke gabana ba. Wannan shi ne hoto guda na gida. Daga nan muka bi Shinkafi da Ƙauran Namoda da Gusau, muka ratsa Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, muka shigo ta Kabuga bayan magariba, kyamarar tana rataye a wuyana kamar laya.

Abin da ya fara buguna a Kano ƙara ce. Gidajen bene da fitilu sun zo daga baya. A wancan lokaci 'yan acaɓa ne sarakunan titi (ba a hana su ɗaukar fasinja ba sai a farkon 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero), hayaƙinsu kuwa yakan taru da ƙurar hunturu ya zama wani shuɗin mayafi a kan Bata da Ƙofar Nassarawa. Abu na biyu shi ne rashin gaisuwa. A garinmu ba a wuce mutum haka kawai. Sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da dabbobi da ruwan bana. A Kantin Kwari kuwa na yi wa mutane biyar sallama a jere, ɗaya ne ya amsa, shi ma bai ɗago kansa daga ƙidayar kuɗi ba. Na koma ɗaki ina tunanin ko wani laifi na yi. An daɗe kafin in gane cewa wanda zai haɗu da fuska dubu kafin azahar ba shi da gaisuwar da za ta ishe su duka.

Sai kuma maganar baki. Ranar farko da na shiga motar haya na ce wa kwandasta, "Hwagge ni ka son tahiya." Motar ta ɗauki dariya gaba ɗaya, wani dattijo a baya ya ce, "A'a, ashe Basakkwace muka ɗauko." Wanda ya san tarihi ya san abin da ke cikin kiran Bagobiri da sunan Basakkwace, domin kuwa rundunar jihadi ce ta ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, kuma kufan Alƙalawar nan ba shi da nisa da inda aka haife ni. Amma Bakano ba ruwansa da wannan. Duk wanda ya ce "munka" a maimakon "muka", ko "gidanai" a maimakon "gidansa", to an jefa shi kwando ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, yake kuma ba ni dariya a yanzu, shi ne kiran da ake yi mini na ɗan ƙauye. A asalin ma'anarta kalmar "birni" ba ta da alaƙa da yawan motoci. Gari ne mai ganuwa da sarauta, kuma garinmu da wannan suna aka kafa shi tun wajen shekarun 1860, zamanin Ɗan Halima, lokacin da wani reshe na gidan sarautar Gobir ya rabu da na Tsibiri. To amma wa zai tsaya jin wannan bayani a cikin bas?

Wani ɗan abin sha'awa ga ɗalibin harshe: a kalmar "hoto" kam kowane Bakano Bagobiri ne. Kalmar aro ce daga Ingilishi, da sautin "f" ta zo, amma da yake wannan sauti ba ya son zama a gaban wasalin "o" ko "u" a bakin Bahaushe, sai ya rikiɗe ya koma "h", kamar yadda ya yi a "huɗu" da "hula". Wato abin da ake yi mana dariya a kansa a "tahiya" da "lahiya" shi ne dai kowa yake yi a "hoto" ba tare da ya sani ba.

A cikin wannan hali na kaɗaici kyamarar kawu ta zama mini garkuwa. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, ni kuwa na samu ido na uku wanda zan iya ɓuya a bayansa. Wanda ya ɗaga kyamara ba ya bukatar buɗe baki, balle a ji karin harshensa. Duk ranar Asabar sai in fita. Na ɗauki marinar Ƙofar Mata da rinin shuni a hannun dattawa, na ɗauki Gidan Makama, na ɗauki ragowar badala da 'yan garuwa suna tura kurarsu a gindinta, na ɗauki hasumiyoyin babban masallacin cikin gari. Sa'annan na hau Dutsen Dala, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Daga can sama, da aka yi kiran la'asar daga masallatai da ba su ƙirguwa, kowanne yana shiga cikin na ɗan'uwansa, sai na ji tsigar jikina ta tashi, na ƙone hoto takwas a wuri ɗaya.

Daga baya karatu ya nuna mini cewa ba ni ne baƙon farko da Dala ta ruɗa ba. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000, kuma a littafin tafiye-tafiyensa akwai zanen birnin kamar yadda ake hango shi daga Dala. Shi da alƙalamin zane, ni da Yashica, kusan shekara 150 tsakani, amma wuri ɗaya muka tsaya. Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne yaron da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, wato Ɗorugu, Bahaushe daga yankin Damagaram, wanda ya zauna a Ingila ya ba wa wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da abin da idonsa ya gani a ƙasar Turawa, aka buga shi da Hausa cikin littafin Magana Hausa a 1885. Bayansa Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ashe dai Bahaushe ya daɗe yana kallon babban birni yana ba da labarinsa. Sai dai dukkanmu idonmu gaba yake kallo. Babu wanda ya ga dalilin juyawa ya zana garin da ya baro, saboda a zatonmu gida yana nan ba inda za shi.

Darasin da ya fi zauna mini a rai na same shi ne a Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Na hango wani tsoho mai sayar da kayan doki, hasken rana ya ratso rufin rumfa ya sauka kan farin gemunsa da jajayen linzamai da ke rataye a bayansa. Ban yi sallama ba, na ɗaga na danna. Tsohon nan bai ɗaga murya ba. Ya yafuto ni da hannu, na matso na durƙusa, ya ce, "Samari, me ka ɗauka?" Na ce, "Baba, hoto ne kawai." Ya ce, "Da ka shigo rumfar nan ka ɗauki linzami ɗaya ba ka tambaya ba, me za a kira ka?" Na yi shiru. Ya ce, "To ni ka ɗauka. Ina za ka kai ni?" Da ya ji na ba da haƙuri da bakin mutanenmu, sai ya dubi zanen da ke kuncina, shida a gefe guda bakwai a ɗaya gefen, ya yi murmushi ya ce Bagobiri bai kamata ya rasa ladabi ba, ya gyara zaman rawaninsa ya ce in sake ɗauka da kyau. Hotuna biyun suna cikin ambulan ɗin nan, na sata da na izini. Na izinin ya fi kyau, don a cikinsa yana kallona.

Shekaru bayan haka, ina koyar da ginin jimla, sai na lura cewa tsohon nan nahawu ya karanta mini. Bahaushe yakan ce "an ɗauke ni hoto". A wannan jimla mutumin ne karɓau, shi aikin ya faɗa wa kai tsaye, daidai da yadda za a ce an ɗauke ni aiki ko an ɗauke ni a mota. Aikatau ɗin kuma shi ne wanda muke amfani da shi ga kaya: a ɗaga abu daga inda yake a tafi da shi wani wuri. Harshen bai ɗauki hoto a matsayin kallo kawai ba, ya ɗauke shi a matsayin tafiya da wani ɓangare na mutum. Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin hoto a shari'a, wannan fagensu ne ba nawa ba. Abin da nake cewa shi ne, tun kafin a kai ga fatawa, al'ada ta riga ta ajiye tambaya a cikin kalmar kanta: ina za ka kai ni?

Wankin fim ɗin a Sabon Gari na yi shi, a shagon wani Bayarabe, domin a wancan zamani su ne suka fi riƙe sana'ar hoto a biranen Arewa. Yana ganin fuskata ya tashi tsaye yana tafi yana cewa yau bawansa ya zo gaishe shi, ni ma na mayar masa da martani yadda ya kamata, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Shi ne mutum na farko a Kano da ya dube ni ya san ko ni wane ne. Da na zauna zai ɗauke ni hoton fasfo, ya ce cikin zolaya ko in biya ƙarin kuɗi ya goge mini zanen. Muka yi dariya. Zanen dai bai gogu ba, amma kafin shekara ta zagayo ni da kaina na goge karin harshena, na koma cewa "tafi" da "fara" kamar haifaffen Yakasai, har idan na je hutu gida ƙannena suna kwaikwayona. Wannan shi ne kuɗin shiga da babban birni yake karɓa a hannun baƙo, kuma yawancinmu da muke karanta wannan shafi mun biya shi ba tare da ciniki ba.

To, mu dawo kan lissafin da ya hana ni barci. Hotuna 33 da na ɗauka a Kano ba su ƙara wa duniya komai ba. Dala da Kurmi da Ƙofar Mata an ɗauke su sau dubbai kafin ni da bayana, tun daga jami'an mulkin mallaka har zuwa yaran yau masu wayar hannu. Amma mai karatu ya gwada rubuta "Sabon Birni" ko "Isa" a intanet ya ga abin da zai fito. Zai ga layin gawarwaki na ƙarshen watan Mayun 2020, lokacin da aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyuka irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. Zai ga ƙonanniyar motar nan ta kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, inda matafiya fiye da 20 suka ƙone ƙurmus, harin da rahotanni suka danganta da mutanen Bello Turji. Zai ga bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a ƙarshen Yulin 2024, yana ɗaure yana roƙon a cece shi, kafin a ba da labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka kama shi a watan Agusta. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Wannan shi ne kundin hotunan ƙasar Gobir a idon duniya. Kirarin da kakanninmu suke alfahari da shi, na Gobir gidan faɗa, ya dawo mana da wata ma'ana da ba su taɓa nufi ba.

Abin lura a nan shi ne wanda yake riƙe da kyamarar. Bidiyon basaraken nan waɗanda suka ɗaure shi ne suka ɗauka, don su nuna iko su kuma matsa a biya fansa. Sauran hotunan kuwa na masu wucewa ne, ko na ma'aikatan agaji a sansanonin 'yan gudun hijira da ke yankin Gidan Rumji a ƙasar Maraɗi, inda dubban mutanenmu suka tsallaka tun daga 2019, ko na 'yan siyasa da suke jera zawarawa a bayan buhunan shinkafa kafin a danna. A watan Satumbar 2021 ma, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga, sai yankin ya shiga duhu, ko mummunan hoton ma ya daina fitowa. Yankin da ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa guda ɗaya, wato Sabon Birni, mutum fiye da 200,000, ba shi da fuska a bainar jama'a sai ta kuka.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ina cewa a daina ɗaukar hoton ta'asa ba ne. Gani ya kori ji, kuma mun sha ganin yadda ake musanta kisan talaka ko a rage adadinsa har sai hoto ya fito. 'Yan jarida da matasan yankin da suka sa ransu a haɗari suka fitar da waɗannan shaidu sun yi aikin da ya fi ƙarfin godiya. Ƙorafina a kanmu yake, mu 'yan boko da muke zaune a Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja. Mu ne muke tura hoton gawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, mu ɗora "Innalillahi" a ƙasa mu wuce, ba tare da mun tambayi ko uwar mamacin ta riga ta ji ba. Na taɓa ganin wani matashi mai kyakkyawar shiga a bakin wani shataletale a Sakkwato yana ɗaukar wata mata mai goyo da ke bara, da jin maganarta ka san daga wajenmu ta gudo. Ta ja gyale ta rufe fuska, shi kuwa ya matsa kusa. Na tabbata niyyarsa ta alheri ce, wataƙila taimako zai nema mata a Facebook. Amma na tuna da ni a Kurmi. Ni na shigo babban birni da kyamara a wuyana da takardar shiga jami'a a aljihu; ita ta shigo da ɗa a baya da ƙullin tsumma, kuma abin da birni ya fara nuna mata shi ne bakin waya. Ba ta da rawanin da za ta gyara, ba ta kuma da ƙarfin tambayar inda za a kai ta.

Akwai abin da za mu iya yi wanda bai bukaci jiran gwamnati ba. Kusan kowane gida na ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga Isa da Sabon Birni da Gatawa yana da irin ambulan ɗina: hotunan biki da suna, na hawan salla, na 'yan makarantar firamare a jere, na masu dambe da kokawa bayan kaka, na masunta da manoman fadamar gulbin Rima. Masu hoton da suka yi yawo kan keke ƙauye-ƙauye a shekarun 1980 da 1990 wasunsu suna raye, wataƙila da ragowar fina-finansu a cikin kwali, idan gara da gudun hijira sun bar su. Me zai hana sassan nazarin tarihi da harsuna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, su buɗe ƙofa a kawo waɗannan hotuna a kwafe su a kwamfuta, a rubuta sunan wuri da shekara da izinin masu su, a mayar wa kowa da nasa? Ɗalibanmu da muke tura wa aikin bincike kan karin harshen Gobir za su iya haɗawa da wannan, su naɗi muryar tsohuwa tana bayanin hoton da bakinta. Yaron da aka haifa a sansani a 2020 yana bukatar ya ga cewa garin ubansa ya taɓa cin kasuwa har dare.

Hoton nan guda na tashar Isa a karkace yake, don ban iya riƙe kyamara ba a lokacin. Rabin sama ne da reshen dalbejiya. A ƙasa akwai wata farar Fijo an ɗaure mata buhuna a kai, da mai shayi yana ɗaga kofi sama yana juyewa, da wasu Fulani biyu da sandunansu a kafaɗa suna ciniki da wani mai goro, suna dariya su ukun. A gefen dama wata yarinya mai tallan fura ta juyo tana kallona, bakinta a buɗe kamar za ta yi magana. Na kai shi an kwafe mini, na tura wa kawuna, wanda yanzu yake zaune a ɗakin haya a Sakkwato tun da hanyar gida ta gagare shi. Da dare ya kira ni. Bai tambayi hotunan Kano da ya aike ni ɗaukowa shekaru fiye da ashirin da suka wuce ba. Ya ce, "Ɗana, mai goron ga na san shi. Ba ka da wani?"